Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai Hausawa a Amurka, kan kwana 43 da gwamnati ta yi a rufe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe shugaba, sakatare, ma'aji da sauran yayyenmu da muka ɗora wa nauyin wannan ƙungiya, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da sanyin nan da ya fara shigowa. Ni ƙaninku ne, ina shekara ta huɗu a digiri na uku a fannin noma, aikina a kan dawa ne. Da farko na so in kira shugaba a waya mu yi maganar mu biyu, sai na ga ai abin ba namu mu kaɗai bane, akwai ƙannenmu a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da suke cike fom yanzu haka suna neman gurbin karatu a nan, su ma ya kamata su ji, shi ya sa na rubuta a fili.

Daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025 gwamnatin tarayyar Amurka a rufe take, kwana 43 cur, kafin ita ba a taɓa yin mai tsawonta ba a tarihin ƙasar. A duk tsawon kwanakin nan ban ga saƙo ko ɗaya daga ƙungiya ba da yake cewa ya kuke ciki, wa abin ya shafa, wa ke buƙatar taimako. Na ga sanarwar taron ƙarshen shekara, na ga tunatarwar kuɗin rajista. Wallahi ba ina zargin ku da rashin tausayi bane, na san ku, na ci abinci a gidajen wasunku. Abin da nake zato shi ne kun duba kun ga ƙofar jami'a a buɗe, ana shiga aji, ana jarrabawa, bas na yawo, sai kuka ɗauka ba abin da ya same mu. To a nan matsalar take, wannan abu ba ya rufe ƙofar makaranta, ta ƙarƙashin ƙasa yake bi kamar gara, sai ka taɓa ginin ka ji ya zama fanko.

Ko mahaifiyata da ta ji a rediyo ta kira ni tana cewa to yanzu ku ma yajin aiki ake, za ka dawo gida ke nan? Don ita abin da ta sani shi ne na ASUU, ta ga yadda ƙanwata ta zauna a gida wata 8 a 2022, daga Fabrairu har Oktoba. Na ce mata a'a Hajiya wannan daban ne. A can malamai ne ke ajiye alli a kulle aji kowa ya tafi gida, kowa ya ga ɓarnar da idonsa. A nan malamai na aiki, ɗalibai na aji, famfon kuɗin bincike ne ake ɗaurewa daga Washington.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Shekarar kasafin kuɗin gwamnatin Amurka tana farawa ne 1 ga Oktoba, kuma kafin ranar sai majalisa ta amince da dokokin kashe kuɗi guda 12, ko ta yi ƴar dokar wucin gadi a ci gaba da tafiya a kan tsohon lissafi. In ba a yi ko ɗaya ba, akwai tsohuwar doka tun ƙarni na 19 da ta hana ma'aikatu kashe kuɗin da majalisa ba ta ware ba, kuma tun 1980 da 1981 da babban lauyan gwamnati na lokacin Benjamin Civiletti ya yi mata fassara mai tsauri, ma'anarta ta koma a rufe kawai, sai aikin da ya shafi kare rai da dukiya. A majalisar dattawa kuma sai an samu ƙuri'a 60 cikin 100 kafin irin wannan doka ta wuce, to jam'iyyar da ke da rinjaye ba ta da 60, shi ne aka yi ta ja-in-ja a kan tallafin inshorar lafiya har sati shida. An taɓa rufe gwamnati a baya ma, an yi na kwana 21 zamanin Clinton daga ƙarshen 1995 zuwa farkon 1996, an yi na kwana 16 a 2013 zamanin Obama, an yi na kwana 35 daga Disamba 2018 zuwa Janairu 2019 a kan kuɗin katangar iyakar Meziko. Kun ga ba baƙon abu bane, abu ne da ke dawowa, kuma a duk lokacin ƴan majalisar da suka kasa shiryawa albashinsu bai tsayawa. Wannan kam yana ƙona min rai, ba zan ɓoye ba.

Bari in gaya muku abin da na gani a wajen aikina. A ginin da lab ɗinmu yake akwai masana na gwamnatin tarayya da muke aiki tare, ofishinsu na kallon namu, ɗakin gilashin da muke renon shuka ma tare muke amfani da shi. Ɗaya daga cikinsu wata dattijuwa ce da ta fi shekara 20 tana aikin dawa, tana cikin kwamitin da ke duba aikina, ita ta koya min yadda ake rufe kan dawa da jakar takarda kafin ya yi fure don kar wani ƙurar fure ya shiga. Ranar 1 ga Oktoba da safe ta shigo, aka ba su ƴan awanni su tattara, ta sa saƙon nan na imel mai amsa kansa, ta kashe kwamfuta, ta liƙa ƴar takarda a ƙofa, ta zo ta same ni a tsakanin tukwanen shuka ta ce min daga yau doka ta hana ta amsa min ko da tambaya ɗaya ce ta aiki, ko a kyauta ba a yarda ta yi ba. Ta tsaya tana kallon layinta na dawa da ya fara fitar da kai, ba ta ce komai ba ta fita.

Dawa ba ta san majalisa ba. Idan kai ya fito furen kwanaki kaɗan yake yi, in ba ka haɗa auren irin a cikin kwanakin nan ba shikenan sai wani zagayen, kuma zagaye ɗaya watanni ne. Ban ruwa kam mun yi mata, ni da wani ɗan Indiya muka raba kwanaki har Asabar da Lahadi, shukar ba ta mutu ba alhamdulillahi. Amma wane layi za a haɗa da wane, wannan yana cikin kanta da kwamfutar da aka hana ta buɗewa. Muna ji muna gani furen ya bushe ya zube. Irin da na nema daga rumbun adana iri na gwamnati tun watan Satumba shi ma ya maƙale don babu mai ɗaure shi ya aiko. Babin ƙarshe na kundina a kan wannan haɗin ya dogara, yanzu malamina ya ce mu ƙara semesta ɗaya aƙalla, kuma kuɗin da ake biyana da shi a watan Mayu zai ƙare.

Nan ne nake so ku tsaya ku duba da kyau yayyena. Yawancinmu masu digiri na biyu da na uku a kimiyya ba daga aljihun jami'a ake biyanmu ba, daga kuɗin binciken da malaminmu ya samo ne, kuma babban mai bayar da shi gwamnatin tarayya ce, hukumar NIH ta binciken lafiya da kasafinta ya haura dala biliyan 47 a shekara, da NSF ta kimiyya mai kusan biliyan 9, da ma'aikatar noma, da ta makamashi, da NASA. Idan aka rufe, kuɗin da aka riga aka amince da shi yawanci ana ci gaba da kashewa, sau da yawa ma jami'a ce ke fara biya daga nata kafin a mayar mata, shi ya sa albashin Oktoba ya shigo wa mafi yawanmu har muka ɗauka lafiya lau. Abin da ke tsayawa cak shi ne sabon tallafi, da sabunta wanda ya kusa ƙarewa, da zaman kwamitocin masana da ke tantance wa za a ba, da jami'in da malaminka zai tambaya ko zai iya ƙara wa'adi ko ya juya kuɗi daga nan zuwa can. A rufewar 2018 zuwa 2019 NSF kaɗai ta soke irin wannan zama sama da 100. Kuma ba ranar da aka buɗe ake cike giɓin ba, sai an sake nemo masanan, an sake sa rana, aiki ya taru a kan aiki. Wanda aka hana shi ruwa a Oktoba a watan Maris ko Mayu ƙishin zai kama shi, lokacin kowa ya manta an taɓa rufe wata gwamnati.

Ɗan ƙasa idan kuɗin lab ya yanke zai iya zuwa ya nemi aiki a kanti ko ya ja mota ya rufa wa kansa asiri. Mu masu bizar ɗalibai ta F-1 fa? Awa 20 a sati aka yarda mana lokacin karatu, kuma a cikin makaranta, ka fita waje ka yi aiki ba izini ka jefa zamanka gaba ɗaya cikin haɗari. Albashin nan guda shi ne haya, shi ne abinci, shi ne kuɗin ɗumama ɗaki da sanyi ya zo, da shi ake haɗa inshorar lafiya da yafe kuɗin makaranta, in ya tafi duk tare suke tafiya. A cikinsa kuma ake tsakurar na cefanen gida a tura, don can ba wanda zai gane cewa kana Amurka kuma ba ka da shi.

Ma'aikatan gwamnati da aka tura gida, da wahalar da suka sha, aƙalla akwai dokar 2019 da ta ce a biya su bashin albashinsu bayan an buɗe. Ƴan kwangila ba sa cikin wannan doka, masu shara da masu gadi da masu dafa abinci a gine-ginen gwamnati, abin da ya wuce ya wuce. Ɗalibin da ya rasa kakar shuka ko wanda samfurinsa ya lalace shi ma ba mai mayar masa.

Kuma ba mu ƴan noma kaɗai ba. Masu tarihi da suka tara kuɗin tafiya Washington don duba takardu a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa ko ɗakin karatu na majalisa sun tarar da ƙofa a kulle, gidajen tarihi na Smithsonian su ma daga 12 ga Oktoba aka rufe su. Masu tattalin arziki sun zauna jiran alƙaluman ayyukan yi na watan Satumba da ba su fito ba sai 20 ga Nuwamba, na hauhawar farashi na Oktoba kuwa ba a ma tattara shi yadda aka saba ba. Waɗanda suka gama suna jiran jami'a ta nema musu bizar aiki ta H-1B, matakin farko takarda ce daga ma'aikatar ƙwadago, ita ma ta tsaya makonni, mutum na kallon ranar ƙarewar takardunsa na matsowa ba abin da zai iya. Masu zuwa taron ilimi a Nuwamba sun haɗu da rage tashin jirage a manyan filaye 40 saboda masu kula da zirga-zirgar sama suna aiki ba albashi. A 2013 har aikin bincike na Antatika aka dakatar a daidai farkon kakarsa, asibitin bincike na NIH da ke Bethesda kuma ya daina karɓar sababbin marasa lafiya kusan 200 a kowane sati, da yara masu ciwon daji a ciki.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ɗan ɗakin rabon abinci ne na makarantarmu, inda ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ke zuwa ya ɗauki shinkafa da taliya da wake na gwangwani kyauta. Ina zuwa can wani lokaci, ba abin kunya bane. Farkon Nuwamba da tallafin abinci na SNAP ya shiga ruɗani, wanda mutum kusan miliyan 42 suka dogara da shi, ana ta kai-komo a kotu za a biya ba za a biya ba, sai layin ɗakin nan ya fito har waje cikin sanyi. Mu baƙi ba ma cikin masu karɓar SNAP tun asali, amma da waɗanda ke karɓa suka rasa sai duk muka haɗu a ƙofa ɗaya. A layin na ga matar wani ɗan uwanmu da goyo a baya ta rufa masa bargo, ita bizarta ba ta ba ta damar yin aiki ko na awa ɗaya ba, mijin kuma an ce masa sabunta kuɗin lab ɗinsu ya tsaya sai abin da hali ya yi, sun fara ƙulle kuɗin haya na watannin gaba suna rage na abinci. Da ta gan ni sai ta sunkuyar da kai, muka gaisa sama-sama kamar ba mu san juna ba. Da layi ya zo kanta shinkafa ta ƙare, sai gwangwanin masara da burodi. Wannan baiwar Allah tana cikin guruf ɗinmu na WhatsApp, tana ganin sanarwar taron ƙarshen shekara kamar kowa.

Kun san halinmu, Bahaushe zai kwana da yunwa bai buɗe baki ya ce a taimaka masa ba, balle a gaban mutum ɗari a guruf. In ana jira sai wani ya rubuto ya ce ina cikin matsala to har abada ba za a ji ba. Sai an bi mutum an tambaye shi a keɓe.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne jita-jita. A sati na biyu wani ya turo murya wai an daina ba da biza gaba ɗaya, wai duk mai OPT, wato izinin aiki na ɗan lokaci da ake ba ɗalibi baƙo a fannin da ya karanta, takardarsa ta mutu, wani yaro da ya zo a watan Agusta ya kira ni cikin dare muryarsa na rawa. Alhali ofisoshin biza da hukumar USCIS da ke duba takardun OPT da kuɗin da masu nema ke biya suke aiki, don haka ba su rufe ba, tallafin Pell da bashin karatu na ɗalibai ƴan ƙasa su ma sun ci gaba. Da a ce ƙungiya ta fitar da bayani shafi ɗaya da Hausa a ranar farko, ga abin da ya tsaya ga abin da bai tsaya ba, ga ofishin da za ka je a makarantarka, da an huta da rabin fargabar. Muna da masu karatun lauya a cikinmu, muna da waɗanda suka ga na 2013 da na 2019 da idonsu, ilimin yana nan a gida ba a tambaye su bane kawai.

To ga roƙona, kuma ina yinsa da girmamawa. Dokar da shugaba Trump ya sa wa hannu daren 12 ga Nuwamba ba ta kashe wutar ba, yawancin ma'aikatu zuwa 30 ga Janairu 2026 kawai aka ba su kuɗi. Ma'aikatar noma da ta tsofaffin sojoji da majalisa kanta sun samu na shekara, amma NSF da NIH da NASA an bar su a lokacin cikin masu jiran Janairun 2026, wato mafi yawan ƴan uwanmu na kimiyya da lafiya da injiniya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina roƙon a buɗe asusun gaggawa tun yanzu, ko dala 10 ce kowa ya riƙa sakawa a wata, waɗanda suka gama suka samu aiki su ɗan ƙara, a sa mutum uku amintattu a kai, mace ɗaya a ciki dole don akwai maganar da matan aure ba za su faɗa wa namiji ba, a riƙa ba da rance ba ruwa ga wanda albashinsa ya yanke, kuma sunansa ya tsaya a tsakanin mutum ukun nan. Mun iya adashe tun a gida, mun iya haɗa kuɗin kai gawa da na suna cikin kwana biyu, wannan ba zai gagare mu ba.

Sannan a san su wa muke da su. A yau in na tambayi sakatare mutum nawa ne cikinmu ke cin albashi daga kuɗin gwamnatin tarayya, kuma na wa zai ƙare a wannan bazarar, ban jin akwai amsa, kuma ba laifinsa bane, ba a taɓa tambaya ba. Wakilin kowace jiha ya kira mutanensa ɗaya bayan ɗaya ya ji.

Ku kuma ƙannena da ke gida kuna cike fom na Disamba, ba ina hana ku zuwa bane, ku zo, akwai ilimi a nan kuma akwai mutanen kirki irin dattijuwar da na ba ku labari. Amma ku sani jinkirin da aka samu a Oktoba zai iya sa wasu malamai su rage ɗaukar ɗalibai a bana don ba su san ko kuɗinsu zai fito ba, in kun ji shiru ba lallai don takardunku ba su yi kyau bane. In kuma an ba ku gurbi, yawancin jami'o'i suna ba ku har 15 ga Afrilu ku amsa, ku yi amfani da lokacin ku tambaya a rubuce, wannan albashi daga ina yake fitowa, na shekara nawa aka tabbatar, in kuɗin malamina ya yanke sashe zai ɗauke ni aikin koyarwa ko kuwa. Ni ban yi wannan tambaya ba lokacin da na zo, murna ta hana ni, kuma ba wanda ya ce min in yi. Ya kamata ƙungiya ta rubuta waɗannan tambayoyi ta riƙa ba duk wanda ya tuntuɓe ta daga gida.

Dattijuwar ta dawo aiki ranar 13 ga Nuwamba. Kafin ta buɗe ofis ɗakin gilashi ta fara shiga, ta bi layin tana taɓa kawunan dawar da suka riga suka wuce lokaci, sannan ta ce min in kawo tukwane mu sake shuka. Mun shuka a satin, yanzu tsiron ya kai tsawon yatsa, in Allah ya yarda zai yi fure wajen ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu.

Ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon a kira zama ta Zoom kafin hutun Disamba, a sa maganar asusun a farkon ajanda. Bayanin shafi ɗaya da Hausa ni zan rubuta daftarinsa in kawo, masu karatun lauya su gyara. Dala 10 ɗina ta watan nan kuma tana hannuna, ma'aji ya faɗa min inda zan tura.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙuri da mu, ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema.

Wassalam,
ƙaninku, ɗalibin noma.